Yadda Ɗalibin Amurka Zai Shirya Karatu, Masauki da Horon Aiki a Ƙasar Ailan

Ailan tana cikin ƙasashen da ɗaliban jami'o'in Amurka suka fi zuwa domin yin zangon karatu ɗaya ko biyu, kuma dalilan a fili suke: ana koyarwa da Ingilishi, tafiyar jirgi daga Boston ko New York ba ta wuce awa shida zuwa bakwai ba, sannan Amurkawa fiye da miliyan 30 suna danganta asalinsu da wannan tsibiri, inda kakannin da yawa daga cikinsu suka baro shi a lokacin babbar yunwar da ta fara a 1845. Sai dai wannan sauƙin shi ne yake ruɗar ɗalibi, ya ɗauka tafiyar kamar ƙaura ce daga wata jiha zuwa wata, har sai ya isa ya tarar cewa hatimin da aka buga masa a fasfo ya hana shi aikin da ya ƙudurta yi, ko kuma ɗakin da ya biya kuɗinsa ta intanet babu shi. Jerin matakan da ke ƙasa an tsara shi ne bisa abin da ya kamata a fara warwarewa, domin kowane mataki yana ɗaure na bayansa. Bayanin ya shafi har 'ya'yan Hausawa mazauna Amurka, waɗanda wasunsu ke riƙe da fasfon Amurka, wasu kuma na ƙasashen iyayensu, kuma za a ga cewa bambancin nan ba ƙarami ba ne.

Mataki na farko: a tantance wace Ailan, kuma kwana nawa

Tsibirin ɗaya ne, amma hukumomi biyu ne suke mulkinsa. Jamhuriyar Ailan, mai babban birni a Dublin, tana cikin Tarayyar Turai kuma tana amfani da Yuro, yayin da Ailan ta Arewa, mai babban birni a Belfast, take ƙarƙashin Birtaniya, da kuɗinta na Fam da dokokinta na shige da fice. Wanda ya zaɓi Jami'ar Queen's da ke Belfast, dokar Birtaniya zai bi: karatun da bai wuce wata shida ba ana iya yin sa a matsayin baƙo, bayan an sami izinin shiga na intanet da ake kira ETA, wanda ya zama wajibi a kan Amurkawa tun watan Janairun 2025, abin da ya haura wata shida kuwa sai da bizar ɗalibi. Sauran bayanin nan a kan Jamhuriya yake.

Bayan haka sai a ɗauki kalanda a ƙirga kwanaki, domin adadin 90 shi ne iyakar da komai ke juyawa a kanta. Shirin bazara na mako huɗu zuwa takwas yana ƙasa da iyakar. Cikakken zango kuwa, ko na Satumba zuwa Disamba ko na Janairu zuwa Mayu, ya zarce ta, don haka mai yin sa dole ne ya yi rajista da hukumar shige da fice bayan ya isa.

Mataki na biyu: a fara daga jami'ar gida

Kafin a buɗe shafin kowace jami'ar Ailan, a fara zuwa ofishin kula da karatu a ƙasashen waje na jami'ar da ɗalibi yake ciki, aƙalla wata tara kafin tafiya. Dalili shi ne wannan jami'a ce za ta ba shi digiri, kuma ita ce za ta yanke ko darussan da ya yi a can za su shiga lissafinsa ko ba za su shiga ba. Jami'o'in Ailan suna auna nauyin darasi da ma'aunin Turai na ECTS, inda cikakken zango yake da 30, shekara kuma 60, kuma galibin jami'o'in Amurka suna mayar da 30 ɗin zuwa kiredit 15 ko kusa da haka. A kai jerin darussan da ake so wurin mai ba da shawara na sashe, a sa ya amince a rubuce, tare da darussa biyu ko uku na ko-ta-kwana, saboda sau da yawa sai an isa ake gano cewa lokutan darussa biyu sun ci karo, ko kuma wani ya cika.

A wannan ofishin ne za a zaɓi hanya ɗaya cikin uku. Akwai musayar ɗalibai tsakanin jami'o'i biyu, inda mutum yake ci gaba da biyan kuɗin makarantarsa ta gida. Akwai shiga kai tsaye a matsayin ɗalibi baƙo, inda ake biyan jami'ar Ailan, kuma sau da yawa wannan ya fi araha ga wanda ke jami'a mai zaman kanta a Amurka, sai dai ɗawainiyar masauki da takardu duka tana wuyansa. Ta uku ita ce bi ta hannun ƙungiyoyin da suka ƙware a shirya irin wannan tafiya, kamar CIEE da IES Abroad da Arcadia da API, waɗanda suke haɗa kuɗin makaranta da masauki da inshora a dunƙule. Sun fi tsada, amma a ganina ga wanda bai taɓa fita waje ba kuma Dublin zai nufa, tabbacin samun ɗaki kaɗai ya isa ya sa a duba su da kyau. Wasu jami'o'in ma suna da nasu cibiyoyin, kamar Notre Dame mai gida a dandalin Merrion da ke Dublin da kuma wata cibiya a Kylemore, cikin yankin Connemara.

Mataki na uku: zaɓen gari da jami'a

Kwalejin Trinity, wadda aka kafa a 1592 a tsakiyar Dublin, ita ce mafi shahara, kuma makin da take nema ya ɗara na sauran, waɗanda akasarinsu suke karɓar matsakaicin maki na 3.0. Jami'ar UCD, wato University College Dublin, tana Belfield a kudancin birnin, da faffadan harabar da ta fi kama da abin da ɗalibin Amurka ya saba. Jami'o'in Cork da Galway an kafa su a 1845, a garuruwan da mutum zai iya zagaya tsakiyarsu da ƙafa, kuma Galway ce ƙofar yankunan da har yanzu ake magana da harshen Gaeilge, wato harshen asali na Ailan, a gida. Jami'ar Limerick ta yi suna wajen haɗa karatu da tura ɗalibai wuraren aiki, Maynooth kuma tana ƙaramin gari da jirgin ƙasa ke haɗa shi da Dublin. Wanda burinsa ya yi cuɗanya da mutanen ƙasa ya fi dacewa da garuruwan da ba Dublin ba, wanda kuma horon aiki ne gabansa zai fi samun ƙofofi a babban birnin. Ana rufe karɓar takardun zangon Satumba tun wajen Maris ko Afrilu, na Janairu kuma wajen Oktoba.

Mataki na huɗu: lissafin kuɗi

Tallafin gwamnatin tarayya da ɗalibi yake samu ta cike fom ɗin FAFSA yana iya bin sa zuwa Ailan matuƙar jami'ar gida ta amince da shirin kuma za ta karɓi darussan, don haka a je ofishin tallafin kuɗi a tambayi takardar yarjejeniyar da ake sa wa hannu tsakanin makarantun biyu. Mai karɓar tallafin Pell, wanda gwamnatin Amurka ke ba ɗalibai masu ƙaramin ƙarfi, ya cancanci neman tallafin Gilman na Ma'aikatar Harkokin Wajen Amurka, wanda yake kaiwa Dala 5,000, kuma ana nemansa sau biyu a shekara, a Oktoba da Maris. Ga masu digiri na biyu akwai tallafin Fulbright, akwai kuma tallafin gwamnatin Ailan da ke ɗauke kuɗin makaranta na shekara ɗaya tare da ba da Yuro 10,000. Tallafin Mitchell, wanda tsofaffin rubuce-rubuce suke yawan ambato, an dakatar da ɗaukar sababbin ɗalibai a cikinsa tun 2024. Wanda zai yi digirinsa gaba ɗaya a Ailan ya sani cewa bashin karatu na tarayya yana iya samuwa a jami'o'in da aka amince da su, amma Pell ba ya bin irin wannan karatu.

A cikin kasafin, haya ce za ta cinye kaso mafi girma, kuma kada a sa albashin wani aiki a lissafi, saboda dalilin da ke tafe.

Mataki na biyar: takardun shiga da zama

Mai fasfon Amurka ba ya buƙatar biza kafin ya tashi, amma rashin buƙatar biza ba izinin zama ba ne. A filin jirgi jami'in shige da fice ne yake yanke hukunci, don haka a riƙe waɗannan a jakar hannu, ba cikin akwatin da aka auna ba: wasiƙar karɓa daga jami'a, shaidar biyan kuɗin makaranta, takardar inshorar lafiya mai aiki a Ailan, bayanin asusun banki, da adireshin masauki. A gaya wa jami'in a fili cewa karatu aka zo yi, domin ya buga hatimin da ya dace. Yana da kyau a sauka kai tsaye a Dublin ko Shannon ko Cork, domin wanda ya sauka a Belfast ya shigo ta mota ba zai haɗu da wani jami'i a kan iyaka ba, kuma zai wayi gari a cikin ƙasar ba tare da hatimin shiga ba.

Wanda zai wuce kwana 90 sai ya nemi ranar ganawa domin yin rajista kafin wa'adin hatiminsa ya ƙare. Tun farkon 2025 rajistar farko ta koma ofishin Burgh Quay da ke Dublin ga mazauna duk sassan ƙasar, kuɗinta Yuro 300 ne da ake biya da katin banki, daga baya kuma a aiko da katin izinin zama na IRP ta gidan waya. Ana neman shaidar kuɗin ciyar da kai, wanda ga mai shekara guda ya kai Yuro 10,000, ga mai 'yan watanni kuma ana lissafa shi wata-wata, kuma tunda adadin yana sauyawa, a duba shafin hukumar a makon da za a buga bayanin banki. A nemi ranar ganawar da zarar an sauka, saboda watan Satumba cunkoso ake yi.

Abin da ya fi muhimmanci a katin shi ne nau'in hatimin. Ɗalibin da ke cikakken digiri a shirin da gwamnati ta amince da shi yana samun hatimi na 2, wanda ya ba shi damar aikin awa 20 a mako lokacin karatu, da awa 40 daga Yuni zuwa Satumba da kuma daga 15 ga Disamba zuwa 15 ga Janairu. Ɗalibin zango ɗaya kuwa akan ba shi hatimi na 2A, wanda bai halatta masa aikin albashi ba ko na awa ɗaya, ko a kanti ko a gidan abinci.

Duk wannan sassaucin na fasfo ne, ba na wurin zama ba. Ɗalibin da ke karatu a Amurka da fasfon Najeriya ko Nijar ko Gana, ko da yana da katin zama na dindindin a Amurka, sai ya nemi bizar Ailan tun kafin ya tashi, ta cike fom a shafin AVATS da miƙa takardunsa: nau'in C ga abin da bai kai kwana 90 ba, nau'in D ga abin da ya wuce. Ya ba wa kansa wata biyu zuwa uku. Idan da bizar ɗalibi ta F-1 yake zaune a Amurka, ya sa jami'in ɗaliban waje na makarantarsa ya sa hannu a takardarsa ta I-20, ya kuma tabbatar bizar komawarsa ba za ta ƙare yana can ba. Ya kuma sani cewa Ailan ba ta cikin yankin Schengen, don haka bizarta ba ta kai shi Faransa ko Jamus.

Mataki na shida: masauki, musamman zama da iyali

Ƙarancin gidaje a Ailan ya daɗe, kuma ya fi tsanani a Dublin da Galway da Cork a farkon shekarar karatu. A nemi ɗakin kwanan ɗalibai na jami'a ranar da aka sami wasiƙar karɓa. Idan za a nema a kasuwa, ta shafuka irin su Daft, kada a tura ko sisi ga wanda ya ce yana ƙasar waje kuma zai aiko da makulli bayan an biya, domin wannan ita ce damfarar da aka fi yi wa baƙin ɗalibai. Doka ta hana mai gida karɓar fiye da hayar wata ɗaya a matsayin kuɗin ajiya da hayar wata ɗaya ta gaba a haya ta yau da kullum.

Zama a gidan iyali, wanda mutanen ƙasar suke kira digs, ya fi araha, kuma yana da yawa saboda gwamnati ta yafe haraji a kan abin da mai gida ya samu daga hayar ɗaki a gidan da yake zaune har zuwa Yuro 14,000 a shekara. Ofisoshin masauki na jami'o'i da ƙungiyoyin ɗalibai suna da jerin irin waɗannan gidaje, kuma ta nan ya kamata a bi. Tambayar farko da za a yi ita ce ko kwana bakwai ne ko biyar, domin an gina tsarin ne a kan ɗaliban ƙasar da suke komawa garuruwansu ranar Juma'a su dawo daren Lahadi, kuma baƙon da bai tambaya ba zai iya samun kansa ba shi da wurin kwana a ƙarshen mako. Abu na biyu, mai zama a gida ɗaya da mai gidan ba ya cikin kariyar hukumar kula da haya ta RTB, ana iya sallamarsa da gajeren wa'adi, saboda haka a rubuta yarjejeniya da ta fayyace kuɗi, da abinci, da wanki, da amfani da kicin, da kawo baƙi, da tsawon sanarwar da kowane ɓangare zai bayar.

Sauran zaman kuwa ladabi ne na zama gidan mutane. Wuta da gas suna da tsada, don haka ana kunna na'urar dumama ɗaki na 'yan awanni ne kawai, kuma barin na'urar dumama ruwan wanka a kunne laifi ne da kusan kowane gida yake ɗauka da zafi, har ya zama abin barkwanci a ƙasar. Idan ba za a dawo cin abincin dare ba, wanda akan ci wajen ƙarfe shida, a sanar da uwargida tun da rana. Tayin shayi kuma ba a yin sa sau ɗaya, kuma zama a sha shi a teburin kicin shi ne inda ake sanin iyalin da labarin unguwa. Ɗalibi Musulmi ya faɗi abin da ba ya ci tun a wasiƙar farko, saboda karin kumallon gargajiya na ƙasar cike yake da naman alade, har da wani baƙin tsiran da ake yi da jini. Akwai mahautan halal a manyan garuruwa, da masallaci a titin South Circular da ke Dublin, sannan ya lura cewa a Disamba rana tana faɗuwa kafin ƙarfe huɗu da rabi, a Yuni kuma haske yana kaiwa ƙarfe goma na dare.

Zama da iyali mafi armashi, a nawa ra'ayin, shi ne na yankunan Gaeltacht, wato masu magana da Gaeilge, inda masu koyon Gaeilge suke sauka a gidan matar da ake kira bean an tí, ma'ana uwargida, wadda take ciyar da su kuma take yi musu magana da harshen daga safe zuwa dare. Jami'ar Galway tana da cibiya a An Cheathrú Rua cikin Connemara, cibiyar Oideas Gael kuma tana koyar da manya a Gleann Cholm Cille da ke Donegal tun 1984.

Mataki na bakwai: horon sanin makamar aiki

Wuraren horo suna da yawa. Google da Meta da LinkedIn suna da manyan ofisoshi a Dublin, Apple tana Cork tun 1980, Intel tana Leixlip, Galway kuma cibiyar kamfanonin kayan asibiti ce irin su Medtronic da Boston Scientific. Amma gaskiyar magana ita ce manyan kamfanonin nan suna da nasu tsarin ɗauka mai gasa, kuma yawancin ɗaliban da suka zo na mako takwas suna samun wuri ne a ƙananan kamfanoni da ƙungiyoyin agaji da gidajen tarihi, inda sau da yawa ake ba su aiki na gaske fiye da yadda za su samu a babban ofis.

Hanya mafi sauƙi ita ce horon da ba a biyan albashi, wanda yake cikin shirin karatu kuma ake ba da kiredit a kansa, irin wanda ƙungiyar EUSA take shirya wa jami'o'in Amurka a Dublin. A nan masu shirin ne suke nemo wurin, kuma suna ba da wasiƙar da za a nuna a filin jirgi. Horo mai albashi kuwa yana buƙatar izini tun kafin a tashi. Na gajeren lokaci, wanda bai wuce kwana 90 ba, ana neman sa ta shirin Atypical Working Scheme daga wajen ƙasar. Na tsawon lokaci har zuwa wata 12 yana da nasa izinin aiki na masu horo, wanda sharaɗinsa shi ne mutum ya kasance ɗalibi a wata jami'ar waje, aikin ya dace da fannin karatunsa kuma yana cikin jerin sana'o'in da ƙasar ke ƙarancin masu su, albashin kuma kada ya gaza mafi ƙarancin albashi na ƙasa, wanda a 2025 ya kasance Yuro 13.50 a awa.

Akwai kuma hanyar da mutane da yawa ba su sani ba, wadda ta samo asali daga yarjejeniyar ƙasashen biyu ta 2008: izinin aiki da hutu na wata 12 ga Ba'amurken da ke karatu a babbar makaranta ko ya kammala cikin wata 12 da suka wuce. Ana nemansa a ofishin jakadancin Ailan da ke Washington ko ƙananan ofisoshinta a birane irin su Boston da New York da Chicago da San Francisco, kuma ba a buƙatar samun aiki kafin a nema. Wanda kakansa ko kakarsa aka haifa a tsibirin yana iya neman zama ɗan ƙasa ta rajistar haihuwar waje, abin da zai ɗauke masa duk waɗannan izini, sai dai aikin takardun yana ɗaukar watanni masu yawa. Duk mai karɓar albashi sai ya nemi lambar PPS, wato lambar shaida ta haraji da hidimomin gwamnati, ya yi rajista da hukumar haraji, in ba haka ba za a yanke masa harajin gaggawa mai nauyi, wanda zai yi aiki da yara kuma sai 'yan sandan ƙasar, wato Garda, sun tantance shi.

Mataki na takwas: makonnin farko da hanyar dawowa

A sayi katin Leap na ɗalibai domin rangwamen bas da jiragen ƙasa na Luas da DART na Dublin, a sa layin waya na ƙasar, a kuma shigar da suna a shirin STEP, na rajistar matafiya Amurkawa, domin ofishin jakadancin Amurka da ke Ballsbridge ya san da zaman mutum. Lambar gaggawa 112 ce ko 999. Wutar lantarki mai ƙarfin 230 ce da soket mai baki uku, motoci kuma ta hagu suke bi, don haka dama ake fara dubawa kafin a tsallaka titi. A makon farko ƙungiyoyin ɗalibai suke baje kolinsu, kuma shiga ɗaya ko biyu, ko da ta hurling ce, wasan sanda da ƙwallo na ƙasar da mutum bai taɓa gani ba, ita ce hanyar fita daga da'irar 'yan uwansa Amurkawa.

A aji, kada maki ya tayar da hankali: 70 cikin 100 shi ne matakin daraja ta ɗaya, 40 kuma shi ne na tsallakewa. Abin da ya kamata a ji tsoro shi ne rashin gwaje-gwajen mako-mako, domin a darussa da yawa jarrabawa ɗaya ko dogon rubutu ɗaya ne yake ɗauke da mafi yawan makin, kuma wanda ya shafe kowane ƙarshen mako yana yawon biranen Turai da tikitin Ryanair mai araha zai gane kurensa a Disamba. Kada a sayi tikitin komawa sai an ga jadawalin jarrabawa, ko kuma a sa shi bayan ranar ƙarshe ta lokacin jarrabawar gaba ɗaya.

Kafin a tashi a biya duk bashin ɗakin karatu da na masauki, saboda jami'a tana iya riƙe sakamako a kansu, a cike buƙatar aika takardar sakamako kai tsaye zuwa ofishin rajista na jami'ar gida, a adana manhajar kowane darasi da ayyukan da aka rubuta ko da sashe zai nemi gani, a kuma karɓi wasiƙar shaida daga shugaban wurin horo tun ana tare. Ranar tafiya a isa filin jirgi da wuri, aƙalla awa uku kafin tashi, domin a Dublin da Shannon jami'an kwastan da shige da fice na Amurka suna tantance fasinja tun kafin ya hau jirgi, kuma layin yana da tsawo a ƙarshen zango.